Tantanin da Na Shafa wa Mai

Mu dukawa ne. A gidanmu a Gummi abin da ake fara koya wa mutum, tun kafin a ba shi basilla, shi ne fata ba ta zama cikin ruwa ba dalili. In ka jiƙa ta ka san lokacin da za ka tsame ta, ka shanya a inuwa, ka bi ta da mai. Da haka na tashi. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare a Anka ba, na dawo na zauna a rumfar mahaifina, kuma har yau a nan nake.

Ciwon Baba da haki ya fara. Daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa ba wani nisa, amma ya koma sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga. Daga baya ya daina sallar farilla a tsaye, don in ya ɗago daga ruku'u sai garin ya juya masa. Na kai shi babban asibiti a Sakkwato. Likitan ya ɗora masa wata na'ura a ƙirji, ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce ƙofar da jini ke fita daga zuciya ce ta ƙandare ta tsuke. Maganinta a canza ta. Amma a shekarun Baba, da yadda huhunsa yake, in aka tsaga ƙirji ba ya jin zai tashi.

Ƙanena, autanmu, nas ne a wani asibitin zuciya a ƙasar Turawa. Baba na ce masa Likita don tsokana. Ni kuwa ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne sunana a bakinsa. A shekarun ne wayar hannu ta fara yawa a garinmu, sai na kira ƙanen nawa na karanta masa takardar Sakkwato harafi harafi. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce akwai wata sabuwar hanya da suka fara a wajensu, ba a tsaga ƙirji. Ana matse sabuwar ƙofar ta zama siririya, a ɗora ta a kan wani dogon bututu, a zura ta jijiyar jini ta cinya har zuciya, a buɗe ta a can. Ya ce shi kansa aikinsa ke nan a ɗakin tiyata, shi ke wankewa, ya matse, ya ɗora. Kuma manyansa sun yarda su duba mahaifinsa in an kawo shi.

Da bazara ya zo, hutun kwana goma. Ranar da ya iso, bayan la'asar, ya zauna gaban Baba ya yi masa bayani.

"Da mi anka yi ƙohwar?" in ji Baba.

"Da tantanin da ke lulluɓe da zuciyar sa, Baba."

"Sa dai? Ba alade ba?"

"Sa na."

"An yanka shi?"

"Wanga ban sani ba."

Baba ya aike ni wajen liman a kan wannan. Liman ya ce in don ceton rai ne babu laifi. Na dawo da murna, ina tsammanin magana ta ƙare. Baba ya girgiza kai.

"Wancan na malamai na, sun ba da amsa. Saura nawa. Hwata ba ta son ninki. Ka ninke ta ka matse, ta riƙe maka har ta mutu. Balle tantani. Ƙaƙa za a matse shi awa tsinke, sannan a ce ya buɗe ya yi aiki? Sai na gani da idona."

Ƙanena ya yi murmushi, don ya san ubansa. Ashe da shirinsa ya zo. Ya taho da wani akwati na kayan koyarwa da suka gama amfani da su a wajen aiki, da ƙofa guda ɗaya da wa'adinta ya wuce, wadda ba za a sa wa kowa ba. Amma ya ce a bari sai ya je Sakkwato ya karɓo hotunan zuciyar, ya biya Bukkuyum ya gaida dangin Inna. Kwana uku. In ya dawo zai yi komai a gaban Baba daga farko har ƙarshe.

Kafin ya tafi ya kira ni ɗakina ya nuna mini kayan. Akwai bututun, dogo, ya fi kamu biyu, da wata 'yar balan-balan a naɗe kusa da bakinsa. Akwai abin matsewar, na farar roba mai nauyi, kamar ƙaramin akushi a tsaye, da rami a tsakiya da mariƙi a gefe. In ka juya mariƙin haƙora na fitowa daga kowane ɓangare lokaci guda, ramin ya tsuke kamar bakin jakar da aka ja wa zare. Akwai wani ɗan zobe na gwaji, da gajeren bututu mai kama da mazurari. Sai kwalbar. A cikinta, cikin wani ruwa garai-garai, ga zoben waya mai raga, faɗinsa ya ɗan fi babban yatsa, gefensa ɗaya an naɗe da ɗan ƙyalle. A cikin zoben an ɗinke tantani fari guda uku kamar ganye, bakunansu sun haɗu a tsakiya. Na ɗaga kwalbar wajen haske. Ban taɓa ganin ɗinki irin wannan ba. Ya ce da hannu ake yi.

"Yaya, ka aje min nan inda yara ba su kai. Guda ɗai ta."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce kada in buɗe ba. Ina jin bai zo masa a rai ba cewa akwai mai buɗewa.

Na ɗora kwalbar a saman kabad na fita. Amma hankalina na kanta. Zafin shekarar nan ya yi tsanani, ruwan randa ma ɗumi yake yi. Washegari da safe na duba ta, da azahar na sake dubawa. Na riƙa lissafi a raina: tun yaushe wannan abu yake cikin ruwa? Ya baro can, ya kwana a Kano, ya kwana a hanya. Ko fatar raƙumi ce ai ta fara saki. Na murɗe murfin don in ji ƙanshinta kawai. Wani wari mai yaji ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Na ce shi ke nan, ta fara lalacewa, yaron nan ya san allura amma bai san fata ba. Yau na san maganin da ke hana ta lalacewa ne na shaƙa. A ranar ban sani ba.

Na wanke hannu da sabulu sau biyu. Na tsamo ta da tsinke mai tsabta, na ɗauraye, na shimfiɗa farin ƙyalle a inuwar ɗaki na ajiye ta a kai. Da kulawa na yi, ban taɓa yi wa wata fata irin wannan kulawa ba. Kafin magariba ta bushe. Da gari ya waye na tarar tantanin ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa, ya ƙandare kamar busasshen ganyen kuka. Na ce ai haka kowace fata take yi kafin ta sha mai. Na ɗebo man gyaɗa mai kyau a ɗan murfi, na riƙa shafawa da bakin ƙaramin yatsa, ganye ɗaya bayan ɗaya. Ya yi sheƙi, bai yi laushi ba. Na ƙara, na bar shi ya sake kwana. Ranar da ƙanena zai dawo na ga abin bai koma yadda yake ba, sai na mayar da shi cikin kwalbar na murɗe murfin. Na ce wataƙila ruwan nasu ya gyara.

Washegarin dawowarsa da hantsi muka taru a zaure. Inna ta ba da sababbin kwanoninta uku, ƙanena ya ciccika su da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa da ya sayo a kemis. Ya shimfiɗa zane mai tsabta a kan ƙaramin tebur, ya sa safar hannu. Baba na jingine da matashi biyu, yana numfashi ta baki.

"Likita, yau za mu ga ko karatun banza munka biya."

"Inna ta biya, Baba, da kuɗin ƙuli-ƙuli. Kai cewa kay yi in zauna in koyi kube."

"Da ka koya da yanzu ka yi arziki."

Inna ta yi dariya daga bakin ƙofa. Ni ban yi ba.

Ya ce da farko ana wanke ta a kwano uku, don ruwan kwalbar ba ya shiga jikin mutum. Ya tsamo ta ya sa a kwano na farko. Ina tsaye a kansa, na ga idon mai ya taso saman ruwan, ɗigo-ɗigo. Hannunsa ya tsaya. Ya taɓa ganyen guda da yatsa. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa. Idon Baba ya riga ya yi rauni, bai ga komai ba.

"Baba, ko mu bari sai gobe?"

"Mi za ya sake gobe? Ci gaba."

Ya ci gaba. Ya wuce da ita kwano na biyu da na uku. Ya zura ta a kan balan-balan ɗin, tsakanin wasu alamu biyu. Ya ce nan ne wurin da ba a kuskure, don in aka ɗora ta a juye za ta tare jinin maimakon ta ba shi hanya, shi ya sa a wajensu mutum biyu ke dubawa, kowa ya faɗa da baki. Ya sa cikin ramin abin matsewar ya fara juya mariƙin a hankali. Zauren ya yi tsit, sai numfashin Baba. Can na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka ɓawon gyaɗa. Baba ma ya ji. Kunnensa bai taɓa rauni ba.

Da aka fito da ita ta zama siririya kamar fensir. Ya gwada ta a zoben gwaji, ta wuce da ƙyar. Ya ɗura ruwa da babban sirinji, balan-balan ta kumbura, ragar ta buɗe ta koma girmanta. Ya zuƙe ruwan ya zare bututun. Ganye ɗaya ya tsage daga gindin ɗinki har baki. Ɗaya ya tsaya a miƙe, ya ƙi kwanciya.

"Zuba mata ruwa," in ji Baba.

"Baba, wagga ta samu matsala, ba haka..."

"Ka ce tana tare jini. Zuba in gani."

Ya zuba da cokali. Ruwan ya wuce kai tsaye ya jiƙa zanen.

Baba ya miƙa hannu aka ba shi. Ya kai ta kusa da ido, ya shafa tsagar da babban yatsa. Hancinsa ya daɗe da mutuwa saboda taba gari, ban da haka da ya gane nan take.

"Wagga za ku sa min?"

"Bushewa tay yi, Baba. Ba a barin ta ta bushe ko kaɗan. Tamu ta can ba ta barin ruwa har ta shiga jiki."

"Ba cikin ruwa kak kawo ta ba? Wa ya busar da ita?"

Ƙanena ya sunkuya yana naɗe bututun. Ina bayansa, ina kallon ƙeyarsa, gumi na gangara masa cikin wuyan riga. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, babu abin da ya fito.

"To," in ji Baba. "Abin da ka bushewa cikin ruwa da kanai ba ya shiga ƙirjina. Ku bar ni in mutu gida da tawa."

Sauran kwanakin hutun ƙanena ya yi ta lallashi, Inna ma ta yi. Baba ba ya faɗa, sai dai ya ce ya gani da idonsa. Ni da ƙanena muna ci a kwano ɗaya, bai ce mini komai ba. A wajenmu ƙane ba ya tona wa wansa a gaban uba, kuma ko ya faɗa, Baba zai ɗauka yana neman wanda zai ɗora wa laifin kayansa ne. Sai ranar tafiya, a tasha, bayan an ɗaure jakarsa a bayan mota, ya matso kusa da ni.

"Yaya, na gyaɗa na ko na shanu?"

Na ce na gyaɗa.

"Na bar akwatin ɗakinka. Ba daga bakina za ya ji ba. Amma zuciyar nan ba ta jira, Yaya. Don Allah."

Na ce yau ɗin nan zan faɗa masa.

Mako bakwai na yi ban faɗa ba. Na sha neman dalilin da zan ba kaina, ban sami mai kyau ba. Shekara ɗaya ke nan da Baba ya sakar mini rumfa, bayan shekara talatin yana warware ɗinkina a gaban mutane. Ya fara ce wa masu kawo aiki, "Ku ba shi, ya iya." Kalmar nan nake jin tsoron rasawa. Kullum da safe in na shiga gaishe shi nakan ce yau, sai in tarar yana haki, in ce a bari ya ɗan samu sauƙi kada maganar ta tayar masa da hankali. In na tarar da sauƙi kuma, in ce kada in ɓata masa ranar. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Masallaci ya gagara sai Juma'a, a kan babur, ina riƙe da shi ta baya. A rumfa in na ji an kira ni da ƙarfi daga wajen gida sai basilla ta faɗi daga hannuna. Kowace Juma'a da yamma wayar ƙanena na shigowa daga can.

"Ka hwaɗa mai?"

"Ina nan dai ina neman lokaci."

Ba ya ƙara komai. Sai ya tambayi Inna.

Wata Laraba Baba ya matsa sai an kai shi rumfa ya zauna, ya gaji da ɗaki. Wani Bafillace daga Gwashi, tsohon mai kawo masa aiki, ya zo karɓar kuben takobi. Baba ya yunƙura zai tashi su gaisa, sai kawai ya tafi gaba ɗaya. Mutumin ne ya tare shi kafin kansa ya bugi dutsen da muke dukan fata a kai. Muka yi ta yayyafa masa ruwa. Leɓɓansa sun yi baƙi. Da ya buɗe ido abin da ya fara tambaya shi ne ko an ba baƙon kubensa.

Bayan la'asar na shiga ɗakinsa. Inna na yi masa fifita. Na durƙusa na ce ina da magana, ko Inna za ta ɗan ba mu wuri.

"Bar ta nan. Mi na na?"

Na faɗa masa duka, daga buɗe murfin har mayarwa. Ban ɗaga kai ba. Na ji fifitar Inna ta tsaya.

Baba ya juyo da kansa wajena.

"Kwana nawa kab bar ta waje?"

"Biyu."

"Inuwa ko rana?"

"Inuwa, Baba."

"Wane mai?"

"Na gyaɗa."

Ya ja numfashi sau uku ko huɗu. "Da ni anka ba ajiyar, da haka zan yi. Sai dai ni da na shanu zan sa." Ya sake hutawa. "Shafa man ba laihi na ba. Shirun na laihi. Ka bar ƙanenka ya koma da kunya, kai kana nan kana cin tuwo."

Inna ta fara kuka a hankali. Ya ce mata ta bari, ba a yi mutuwa ba tukuna.

"Kayan na nan?"

Na ce suna nan.

"Gobe ka tahi kwata da sassahe. Ka samo min tantanin zuciyar sa, ɗanye, kada iska ta taɓa shi. Har yanzu ban gani ba."

Da asuba na tafi da kwano mai murfi da ruwan gishiri. Wani mahauci abokina ya yanko mini yana dariya.

"Baduku, wanga ko karnuka ba su rububinai. Kalangun ɓera za ka ɗinka?"

Na ce masa eh, ɓeran na biki.

A ɗakin Baba muka yi aikin, a kan faranti. Na warware tsohon tantanin daga jikin ragar da bakin reza, na ajiye ganyen da bai tsage ba ya zama ma'auni. Na kankare kitsen da ke jikin sabon, na yanka guda uku. Allura mafi ƙanƙanta a gidan ta Inna ce, ta ɗinkin hula, ita na karɓa. Inna ta zauna gefena da cokali tana ɗiga ruwan gishiri a kan yatsuna, ba ta bari ya tsane ko na ƙiftawar ido. Ɗanyen tantani santsi gare shi, yana gudu daga allura. Baba na kishingiɗe yana ba da umarni, kalma biyu ya huta, kalma uku ya huta.

"Matso da shi. Kada ka ja zare. Kai, ba taikin hatsi kaka ɗinki ba."

Daga hantsi har aka kira azahar muna kai. Da muka yi salla na kira ƙanena na buɗe muryar wayar. Na ce na faɗa. Ya ce alhamdu lillahi. Na gaya masa abin da muke yi. Ya fashe da dariya, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun yana yaro.

"Ku dukawa sai Allah. To, Yaya, naɗe balan-balan ɗin yadda take. Gefen zoben mai ƙyalle ya kalli bakin bututu. Ka gani?"

"Na gani. Mai ƙyalle na kallon baki."

"Saura mutum na biyu."

Na kai wa Baba kusa da ido. Ya shafa da yatsa.

"Mai ƙyalle na kallon baki," in ji shi.

"Yawwa, Baba, an ɗauke ka aiki. A sa cikin rami. A juya rabi, a tsaya a duba ko ta goce daga alamun, sannan a ƙarasa."

Baba ya ce shi zai juya. Na riƙe masa gindin abin, ya kama mariƙin da hannu biyu. Ya juya rabi, muka duba, ya ƙarasa. Na kasa kunne ina jiran ƙarar nan. Ba ta zo ba. Na gwada a zoben gwaji, ɗinkina ya yi kauri, sai da muka sake matsewa sannan ta wuce. Na tura ta cikin ɗan mazurarin, ta fito ta ɗaya bakin ba ta kama ba. Baba ya ce a bar ta a matse tukuna, yana so ya ga ko za ta riƙe ninki. Ƙanena ya ce su ba sa barinta ta daɗe haka, ana matsewa ne sai likita ya shirya karɓa. Baba ya ce to a ƙirga ɗari uku. Inna ta ƙirga da carbi, tana ɗiga ruwa.

Na ɗura sirinji. Ragar ta buɗe. Na zare bututun na miƙa wa Baba. Ganyen uku suka kwanta suka haɗa baki, babu tsaga, babu layin ninki. Ya juya ta, ya sa Inna ta cika da cokali. Ruwan ya zauna a ciki. Daga kusurwa ɗaya ɗigo ya taru a hankali ya faɗo a kan zanensa.

"Wanga ɗigon naka na, ba na sa ba. Ɗinkinka ya yi hwaɗi nan." Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya juya wajen wayar. "Likita, kana ji? Nemo takardunka."

Takardu suka ɗauki lokacinsu. Damina ta sauka. Na kai shi Gusau yin fasfo, yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyata. Muka tsaya a Anka ya huta a gidan wani ɗan'uwa, a dawowa ma haka. Aka jira wasiƙar asibiti, aka jira izinin shiga ƙasar. Duk safiya nakan tsaya a bakin ƙofarsa in saurara kafin in yi sallama. Shi kuwa ya sa aka ɗinka masa riguna biyu masu kauri, ya ce an ce can sanyi. Har aka sa rana.

Saura kwana tara. Ya sha kunu da safe, ya ce a kai shi rumfa. Ya zauna bakin gado ya sunkuya zai sa takalmi. Inna ce kaɗai a ɗakin. Ta ce bai ce komai ba, gefe kawai ya kwanta. Muka kai shi makwancinsa kafin azahar.

Ƙanena ya iso ana sadakar bakwai. Da mutane suka ragu na ja shi bayan gida, gindin dalbejiya. Na tambaye shi abin da ke cina.

"Da na hwaɗa ranar da kat tahi, da mun kai?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Na san yana neman abin da zai ce wanda ba ƙarya ba.

"Da kun kai, Yaya. Ko da sun yarda su yi mai in sun gan shi, ko da ya tashi bayan an yi, wanga ban sani ba. Akwai waɗanda munka yi ma sunka tashi, akwai waɗanda ba su tashi ba. Da ina iya ce maka bai sake komi ba, da na ce."

Na ce na gode da bai ce ba.

Sannan aka aiko cewa wasu baƙi sun iso daga Bukkuyum, muka koma zaure karɓar gaisuwa.